Shida a Cikin Ciyawa

Asabar, 5 ga Afrilu, 1997

Matata Delores ce ta sayo mini littafin nan. Wai likita ya ce in riƙa rubuta yadda gwiwar take kwana. Gwiwa tana nan yadda take tun ranar da na faɗo daga rufin nan. Na gama da wannan.

Yau Merle, ƙanen Delores, ya ja ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Orville Zastrow. Manyan mutane bakwai, kowa da furfurarsa, sun kewaye tebur suna buga besbol, wasan ƙwallo da sanda na Amurka, amma da kati da 'ya'yan lido. Kowane ɗan wasa yana da katinsa. Ka zuba lido biyu, ja da fari, ka duba lambar a jikin katin, ita za ta gaya maka ya buga ko an fitar da shi. Shi ke nan fa. Shekara ashirin da uku suna wannan abu. Ni a cikin shekarun nan na yi wa gidaje fiye da dubu rufi a garin Sheboygan, kuma da tsani ɗaya na fara.

Sun ba ni kulob ɗin Caz Wojta, wanda ya rasu a Nuwamba. Sunan kulob ɗin Masunta, katunan suna cikin wani tsohon kwalin sigari. Orville, da suke ce wa Kwamishina, tsohon malamin tarihi ne. Ya miƙo mini littafin dokoki, shafi arba'in da ɗaya, ya ce shekarar farko ta gwaji ce, bayan Wasan Taurari, inda gwanayen ɓangarorin gasar biyu ke karawa a watan Yuli, za a san ko kujerar tawa ce. Gwaji. Ni, da shekara sittin da huɗu.

A mota na ce wa Merle ba zan koma ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na koma. Na ci wasa uku cikin huɗu.

Talata, 22 ga Afrilu

Na leƙa ofishin kamfanina. 'Yata Renae, wadda ke riƙe da shi yanzu, ta ɗora injin kwafi a kan teburina. Ta ce, "Baba, na ɗan lokaci ne." Yaran aiki sun gaishe ni da kyau, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Na zauna minti ashirin, na sha kofi, na dawo.

Asabar, 10 ga Mayu

Masunta ne na ɗaya a ɓangarenmu. Ashe wasan ba wuya, lissafi ne kawai, kuma wanda ya iya ƙiyasta rufi daga ƙasa ba zai kasa wannan ba. Akwai wani kati a cikin nawa da suke kira Bijimi, in ya tsaya bugu sai ka ga Denny Rautmann yana goge zufa. Denny tsohon mai raba wasiƙu ne, bakinsa ba ya hutawa. Sarkin Rufi yake ce mini. "Sarkin Rufi, a hankali da lidon nan, ba ƙusa kake bugawa ba."

Merle ya ce wanda ke gaba a kowane ɓangare shi ne kocin Wasan Taurari. Wato ni, a shekarata ta farko. A wancan ɓangaren Denny ne ke gaba. Na ji daɗi.

Wani abu ne ban gane ba. A cikin kwalin akwai kati ɗaya da ba bugun kamfani ba ne, da hannu aka rubuta shi, ya sha tabon kofi. Virgil Pautz. Na duba lambobinsa talatin da shida, duk fita ne, sai ɗaya tak: shida da shida. A bayansa an jera sanduna ashirin da biyu da biro, irin na ɗan kurkuku mai ƙirga kwana. Wane mahaukaci ne ke ajiye wannan a kulob?

Asabar, 17 ga Mayu

Ban san me na yi ba.

Ina buƙatar katin mai jefa ƙwallo. Dokar ta ce in za ka ɗauki sabon kati daga gwangwanin kofi, sai ka jefa ɗaya daga naka a ciki. Na cika takardar, Kwamishina ya buga mata hatimi yana hira da Merle bai ko duba ba, na jefa Pautz. Sai Denny ya ce, "Sarkin Rufi, wa ka jefa yanzun nan?" Na faɗa.

Merle ya rufe fuska da tafin hannu. Kwamishina ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya karanta takardar sau biyu.

Na ce in abin ya dame su haka, bari in ciro shi mana. Na miƙa hannu, mutum uku suka ce "A'a!" tare. Shafi na goma sha bakwai: katin da ka jefa ba ka sake ɗaukarsa sai bayan kwana sittin. Kwamishina ya ƙirga a kalanda da yatsa. Sha shida ga Yuli. Wasan Taurari kuwa sha biyu ne.

Na ce, "Malam, ai kai ka rubuta dokar, ka goge ta mana." Ya dube ni kamar na ce a yaye rufin coci ana tsakiyar addu'a.

A mota Merle ya ce kowace shekara, a zango na ƙarshe na Wasan Taurari, Pautz yana fitowa ya yi bugu sau ɗaya, kuma Arlene, matar Caz, ita ke zuba masa lido. Bai taɓa sa rigar wani kulob ba sai Masunta. Na ce sau nawa ya buga? Ya ce ko sau ɗaya. Na ce to a wane shafi aka rubuta wannan? Ya ce ba a rubuce yake ba. Littafi shafi arba'in da ɗaya, har da dokar inda ake ajiye kofin sha, amma wannan babu. Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini?

"Haba mijin Yaya, wa zai yi tsammanin sai an faɗa?"

Lahadi, 18 ga Mayu

Delores ta ce baƙo ko da ido makaho ne. Na ce ni ba baƙo ba ne, a garin nan aka haife ni. Ta ce a ɗakin Orville fa?

Asabar, 24 ga Mayu

Denny ya ɗauki Pautz daga gwangwani, wai don kada ya kwana a ciki mako biyu. Ya sa shi a aljihun rigarsa, yana shafawa. Ashe doka ba ta hana musaya ba, zai iya mayar mini da shi yau ma. Na ce madalla, ga wani mai tsaron baya da ba na amfani da shi.

Ya ce, "Bijimi."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Katin da ya fi kowanne a gasar, a kan takardar da ba ta iya buga komai. Na dubi sauran in ga wa zai ce wannan ƙwace ne da rana tsaka. Kowa ya sunkuya yana jera katunansa.

Na ce masa ban gina kamfani ta hanyar ba da saniya a karɓi kaza ba. Ya ce, "Ai ba kaza ba ce, Sarkin Rufi. Kaza tana ƙwai."

To in sun san ba shi da amfani, me ake yi?

Asabar, 31 ga Mayu

Na tambayi kowa daban-daban ko wane ne Virgil Pautz. Merle ya ce abokin Caz ne a soja. Denny ya ce ƙarya ne, Caz bai taɓa barin Wisconsin ba sai don kamun kifi, sunan wani karen maƙwabcinsa ne. Wani ya ce a jikin dutsen kabari ya gani. Kwamishina ya ce, "Tarihi bai tabbatar ba."

Na ci wasa huɗu cikin huɗu. Farantin cuku ya zagaya tebur sau biyu, bai tsaya a gabana ba. Ba don ina son cukun ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Na tambayi Merle yadda ake yanke maganar kujera. Ƙuri'a ake jefawa? Ya ce ba ƙuri'a ba ce daidai. To hannu ake ɗagawa? A'a. To mene ne?

"Za ka sani."

Ya ce shekaru goma da suka wuce an kawo wani likitan haƙori, gwani ne ƙwarai, kuma har yau ba wanda ya ce masa ya tafi. Ya dai daina zuwa. Na ce me ya yi? Ya ce bai yi komai ba, shi ne matsalar.

Ni fa ban roƙi a kawo ni ba. In sun ga dama su riƙe kujerarsu. Sai dai Asabar tana da tsawo in ba inda za ka.

Laraba, 11 ga Yuni

Delores ta ce indararon gidan Arlene Wojta ya toshe, ta ji a coci. Na san dabara ce, amma indararo indararo ne. Na ɗauki tsani na je. Ban hau ba, gwiwa ta hana, na dai zagaya gidan na duba daga ƙasa. Lafiyarsa ƙalau.

Ƙaramar mace ce, mai farin gashi, hannunta duk ƙasar lambu. Ta san ko ni wane ne tun ban buɗe baki ba. "Kai ne na Masunta." Ta kawo kofi muka zauna a bayan gida, a kan wani dogon teburin katako ƙarƙashin bishiya. Ta ce a nan ake Wasan Taurari. Teburin ya karkace, ƙafa ɗaya bulo aka tokara mata.

Na tambaye ta kai tsaye ko wane ne Virgil Pautz. Ta ce ba ta sani ba. Na ce shekara ashirin da biyu kina zuba wa mutum lido ba ki tambayi ko wane ne ba? Ta ce ta tambaya sau ɗaya, a shekarar farko. Caz ya ce, "Wani ne da ba a kira ba." Daga nan bai ƙara ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce 'ya'yanta suna so ta koma kusa da su a Green Bay, ta ce musu sai bayan Yuli. Ta ce har ta yi wa mahauci maganar sosej. Sai ta ce, "In babu Virgil kuma, sai in bar muku teburin da tukunya, ni in zauna a ciki. Me zan fito yi?"

Na ce mata indararon zai ƙara shekara biyar.

Juma'a, 20 ga Yuni

Kowace shekara, Juma'a ta uku a watan Yuni, nakan tara yaran aiki a yi karin kumallo kafin aikin rani ya kankama. Ni na fara wannan, shekara goma sha takwas ke nan. Na sa riga na je ofis ƙarfe takwas, na tarar ana tattara farantai. Sun mayar da shi ƙarfe shida. Renae ta ce, "Baba, ban so in taso ka da sassafe ba, ga ƙafar nan." Ta naɗe mini ragowar ƙwai da burodi a takarda.

Na ci a mota.

Asabar, 21 ga Yuni

Na ba Denny Bijimi. Babu ruwan wannan da abin jiya, lissafi na yi: ko ba shi ina gaba da wasa uku.

Kwamishina ya karanta takardar sau uku kafin ya buga hatimi. Denny ya ciro Pautz daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu. Na yi zaton za a tafa, ko a ce an gode. Denny ya ɗaga Bijimi ya sumbace shi, ya ce, "Zo nan ɗana, ka sha wahala a hannun mai ƙusa."

Farantin cuku ya tsaya a gabana.

Asabar, 28 ga Yuni

Na sha kashi uku. Da ƙyar na riƙe na ɗaya, da wasa guda. Ni ne koci. Merle ya ba ni jerin abubuwan da zan kiyaye ranar wasan, da baki, don ba a rubuta su. Na riƙe kusan rabi.

Asabar, 12 ga Yuli

Zan rubuta shi yadda ya faru, ko zan gane.

Ƙarfe ɗaya na rana muka taru a bayan gidan Arlene. Sosej na tafasa cikin giya da albasa a tukunya, gawayi na ci. Albasar Merle ne ya kawo, kuma tun kafin a ɗanɗana kowa yake cewa ba ta kai ba. Aka cire huluna aka tsaya, Kwamishina ya kunna taken ƙasa a wata rediyon kaset da ke jan murya. Sannan ya kira sunayen katuna ɗaya bayan ɗaya, mai katin ya ɗaga shi sama, a tafa masa. Katuna hamsin. Manyan mutane suna tafa wa takarda cikin rana. Da ya zo kan Pautz ba a tafa ba, kowa ya ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya. Ni na tafa, ni kaɗai.

Lidon ranar ma daban ne, tsofaffi, an ciro su daga cikin wata safa. Ba mai zuba wa ɗan wasansa, sai na kusa da shi ya zuba masa. A zango na bakwai kowa ya tashi ya koma kujerar hagunsa, ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba.

A zango na uku Bijimi ya buga ƙwallo ta ƙetare katanga, ga mutum biyu a tasha suna jiran su ruga su ci maki. Maki uku. Denny ya zagaya bishiya da gudu yana kukan bijimi. "Ka gaishe shi mana, Sarkin Rufi, ai tsohon yaronka ne!"

Muka shiga zango na tara suna da biyar muna da huɗu, mu ne da bugun ƙarshe. Merle ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Yanzu." Ya riga ya gaya mini haka ake yi: a sa Pautz a farko, a fitar da shi, saura biyu a nema da su, don fita uku ce ke rufe zango. Na ce a dakata. Na ga sun fi mu da maki ɗaya, na ce bari in fara ramawa tukuna. Aka fitar da na farko. Na biyu ya buga ya tsaya a tasha. Merle ya ce, "Yanzu fa." Na ce tukuna. Na uku ya buga mai kyau, ga mutum a tasha ta biyu da ta uku. Na huɗu aka fitar da shi.

Saura fita ɗaya. Bugu ɗaya mu ci wasan. Wanda ke bi kuwa katin Merle ne, yana bugawa sau ɗaya cikin uku. Pautz sau ɗaya cikin talatin da shida. Da hannuna na kai kaina nan, ba wanda ya kai ni.

Ba wanda ya ce mini komai. Shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Da wani ya ce dole, da na san da wa nake faɗa. Kwamishina yana feƙe fensir. Denny, wanda bai rufe baki ba tun Afrilu, yana kallon sama. Arlene tana bakin gawayi ta juya mana baya, tana jujjuya sosej ɗin da ya riga ya gasu.

Na ji dai bakina ya ce, "Virgil Pautz."

Ta ajiye cokalin, ta goge hannu a jikin riga, ta zo. Merle ya tashi ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta ɗauki lidon ta hura musu iska, ta ce, "To Virgil, ga ka ga su." Ta zuba.

Jan ya tsaya a tsakiyar tebur. Shida. Farin ya yi ta gangara wajen da teburin ya karkace, ya kai baki, ya faɗa ciyawa kusa da takalmin Denny. Dukanmu muka leƙa. Shida.

Wai na yi tsalle. Merle ya ce kujerata ta kife, kuma na yi ihun da karen maƙwabta ya amsa. Ni dai na san na samu kaina a tsaye ina cewa, "Ya buga! Ya buga!" gwiwa tana mini kamar an soka ƙusa. Sai na lura ni kaɗai ne. Fuskokinsu kamar an aiko da rasuwa.

Kwamishina ya ce a hankali, "Shafi na uku. Lidon da ya bar tebur ba ya ƙirguwa. A sake duka biyun."

Na ce wane irin shafi na uku? Shekara ashirin da biyu kuna jiran wannan! Na ce wa Denny, kai ne kocin can, ka ce ka yarda mana, wa zai hana? Denny ya ja ƙafarsa daga kusa da lidon kamar maciji ne. Ya ce, "Ba zan yi masa haka ba, Lyle." Ranar farko ke nan da ya kira sunana. Na ce ka yi masa me? Kyauta fa za ka yi masa! Ya ce, "Shi ya sa."

Na yi ta magana. Ban tuna duka ba. Na san na ce teburin ne mai laifi ba shi ba, na ce ko ɗan koyo ba zai bar tebur a kan bulo ba, na ce mutum ya jira shekara ashirin da biyu a kira shi sannan ku ce ciyawa. Ni ne fa, wanda ya jefa shi a gwangwani.

Arlene ta sunkuya ta ɗauki farin lidon, ta goge shi. Ta ce, "Zauna, Lyle, kada ka ƙarasa ƙafar." Na zauna. Ta zuba. Biyu da biyar. Fita.

Sai wurin ya kaure. Ihu, dukan tebur, Merle ya rungume Kwamishina har tabaransa ya karkace. Denny da ya ci wasan bai ko ambaci cin ba, yana ta cewa, "Kun ga yadda ya kusa? Kun gani? Bai taɓa kusa haka ba!" idonsa jajir. Na ce wa Merle, wai kuna so ya buga ko ba kwa so? Ya ce, "Muna so mana, me kake tsammani muke yi a nan?" Na ce to? Ya ce, "To ai ba a ciyawa ba."

Arlene ta juya katin, ta ciro biro daga aljihu. Na ɗauka ita za ta ja sandar. Sai ta miƙo mini. Hannuna da ya shekara arba'in yana jan layi a kan katako, sandar ta fito a karkace.

Wanda ya sha kashi shi ke wanke tukunya. Na wanke. Na jira a kira taro a yi maganar kujera, ba a kira ba. Kowa ya ci sosej ya tattara katunansa. Da za mu fita, Kwamishina ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Albasar bana ba ta yi ba. Baɗi ka kawo fara, manya, kamar goma." Ya wuce.

Na dawo gida ban san ko an kore ni ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na gaya wa Delores maganar albasa, na ce ka ji mutum, ana maganar kujera yana maganar cefane. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ta buga wa Merle waya, ta miƙo mini.

"Mijin Yaya, Caz ne mai kawo albasa. Shekara ashirin da biyu."

Na ce to shi ya kasa faɗa da baki? Ya ce ai ya faɗa.

Laraba, 16 ga Yuli

Yau kwana sittin suka cika. Gwiwa ta kumbura kamar kabewa. Likita ya ce me na yi? Na ce tsani.

Asabar, 26 ga Yuli

Na je gidan Arlene da safe da ma'auni. Ta ce Green Bay tana nan ba ta gudu ba, a bari sai an ga wata shekarar. Na cire bulon na sa wa teburin sabuwar ƙafa, na gwada da ma'aunin ruwa, ya zauna daidai. Sannan na kewaye shi da baki na katako, tsayin yatsa biyu, na goge na shafa mai. Kafin in sa bakin, sai da na tambayi Kwamishina ko akwai shafin da ya hana. Ya ce zai duba. Ya kira bayan awa ɗaya ya ce babu, amma kada ya wuce yatsa biyu.

Ba don komai na yi ba. Tebur marar baki aikin banza ne, kuma ba na son ganin aikin banza.

Renae ta kira tana tambayar yadda ake ƙiyasta wani rufin coci mai tudu. Na gaya mata. Injin kwafin yana nan a kan teburina, ban tayar da maganar ba.

Da yamma ina gareji, na ga guntun katakon da ya rage, na gwada lido a kai don in ga ko bakin yana tarewa. Yana tarewa. Katin Pautz yana aljihuna, sai na ajiye shi a gefe, don dai gwajin ya zama na gaske. A zubi na arba'in da ɗaya shida da shida suka fito. Na san ba ya ƙirguwa. Ban gaya wa kowa ba.

Na shuka albasa layi biyu a bayan gareji. Delores ta ce lokacinta ya wuce. Mu gani.